Bayan Sadakar Arba'in, Wa Ke Leƙa Mai Rai?

Ƙasa ba ta girgiza a Gumel. Tun tasowata ban taɓa jin wani dattijo a Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar yana ba da labarin ranar da ƙasa ta motsa da shi ba. Ko a Najeriya gaba ɗaya, abin da muka saba ji bai wuce 'yar jijjiga ba, irin wadda aka yi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da wadda ta fitar da mazauna Mpape a Abuja daga ɗakunansu a watan Satumba na 2018. Girgizar ƙasa ta sosai a waya muke ganinta. Mun ga ta Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta ci rayuka fiye da 50,000. Mun ga ta Maroko a watan Satumba na shekarar, wadda ta hallaka kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyukan kan duwatsu. Mukan yi musu addu'a mu ajiye wayar.

Ni malamin asibiti ne, kuma yawancin aikina a ƙananan asibitocin karkara na yi shi, tsakanin Gumel da bakin iyakar Nijar. Da na fara karanta abin da likitocin waɗancan ƙasashe suka rubuta game da mutanen da aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gini, sai na ga ai mutanenmu ake siffantawa.

Mu namu ginin ruwa ke kayar da shi. Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi irin na Haɗeja, wanda a daminar 2022 ya tumbatsa ya shanye gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da ɗari a Jigawa. Namu daga sama yake saukowa. A yi kwana biyu ana mamako a watan Agusta, katangar ƙasa ta jiƙe sharkaf, rufin soro ya yi wa azara nauyi, cikin dare sai dai a ji rugugi. Wanda ya kwana a ɗakin nan ya fito da rai, ya kuma tona ɗansa da hannunsa, babu abin da mutumin Turkiyya zai gaya masa game da faɗuwar gini.

Irin waɗannan mutane ba sa zuwa asibiti su ce tsoro ke damun su. Wata dattijuwa da ɗaki ya danne wa jika ta zo wurina bayan an gama girbi.

"Sannu da zuwa, Inna. Me ke tafe da ke?"

"Jikin ne dai, Malam, ya ƙi daɗi. Gabana sai faɗuwa, kai kuma ya yi nauyi. Na ce bari in zo a gwada ni, ko jinina ne ya hau."

Na gwada, jini lafiya lau. Zazzaɓi babu. Ta riga ta sha maganin taifot daga kemis, ta sha na olsa, duk ba ta ji sauƙi ba. Sai na ce, "Inna, barci fa?"

Ta yi shiru tana gyara mayafi. Yarinyar da ta rako ta ce ta ba ni amsa: tun ranar da abin ya faru Inna ba ta sake kwana a ƙarƙashin rufi ba. A tsakar gida take shimfiɗa tabarma, ga sanyin hunturu ya fara shigowa. Ko babbar mota ce ta wuce ta ji dirinta, sai ta zabura tana salati tana ƙidaya yaran gidan.

Sai kuma abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, ba nisa da Gujungu inda hanyarmu ta Gumel ta rabu. A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi. Mai ya malale cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, a lokacin da litar fetur ta kai naira dubu. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu tun a kwanakin farko, aka yi jana'izar bai ɗaya washegari, adadin kuma ya ci gaba da hauhawa a gadajen asibiti. Na san wani matashi ɗan acaɓa daga ɓangarenmu da ya je taya kwasar gawa. Ko ƙwarzane bai samu ba. Amma watanni bayan haka ba ya iya shiga gidan mai, sai dai ya aiki ƙanensa wurin 'yan bumburutu ya zuba masa a babur yana tsaye daga nesa. Teburin mai tsire kuwa zagaye shi yake yi. Ɗan acaɓan da ba ya jure warin fetur, sana'arsa ta kusa mutuwa ke nan.

Hausawa sun daɗe da kama bakin zaren: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan mutum ya yi ido huɗu da mutuwa, jikinsa kan riƙe duk abin da ke wurin, ƙara ce ko wari ko duhun hadari, ya mai da shi alamar halaka. Da ya sake karo da alamar, zuciya ta buga, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, tun tunani bai ce komai ba. A makonnin farko wannan ba cuta ba ce. Kusan kowa yakan ji haka, kuma ga mafi yawan mutane abin kan lafa da kansa, muddin suna da wurin kwana da abinci da 'yan'uwa a kusa. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne waɗanda wata ɗaya ya wuce, biyu, shida, abin bai sake su ba. Yana dawo musu a mafarki da ido biyu, kullum a ɗarare suke, suna kauce wa duk abin da zai tuna musu. Kaucewar nan kuwa ita ke ciyar da tsoron. Duk daren da Inna ta kwana a waje ta wayi gari lafiya, zuciyarta ƙara gaskatawa take yi cewa kwanan wajen ne ya tsirar da ita, ɗaki kuma tarko ne.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Turkiyya, Metin Başoğlu, shi ya fi burge ni a wannan fanni. A ranar 17 ga Agusta, 1999, girgizar ƙasa ta afka wa yankin Marmara na ƙasarsu, ta kashe mutum fiye da 17,000. Bayan ƙura ta lafa, sai ga ɗimbin mutane da gidajensu ke tsaye lafiya amma sun ƙi shiga, sun tare a tantuna. Wasu ba sa iya rufe ƙofar banɗaki, wasu da kayan fita suke kwana. Magungunan zance da aka saba da su a Turai suna buƙatar zama goma ko fiye da ƙwararre, alhali waɗannan talakawa ne, yau suna nan gobe sun tashi, da yawansu zuwa ɗaya suke yi ba su dawo ba. Sai shi da abokan aikinsa suka tace maganin har ya koma zama ɗaya na kamar awa guda. A zaman ana bayyana wa mutum yadda gudu ke ƙara wa tsoro ƙarfi, sannan a tsara masa matakai da zai bi da kansa: yau ka tsaya a ƙofar gida, gobe ka shiga ka yi minti kaɗan, jibi ka sha shayi a ciki, har ranar da za ka kwana. Da suka gwada shi ta hanyar kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ke jiran layi, sun ga sauƙi na gaske, kuma ya ɗore.

Abin lura a aikinsa shi ne bai tsaya ƙawata maganin da kayan al'ada ba. Ya dubi rayuwar mutanen ne, ya ga abin da za su iya ɗauka, ya yanke maganin daidai da su, ya bar ƙwayar da ke aiki. Da Inna ma haka muka bi. Na roƙi ɗanta, da ya sake gina ɗakin, ya zagaya da ita ta ga sabuwar azara da idonta. Ta fara da yin sallar Azahar a ciki ƙofa a buɗe, daga baya ta ƙara da ƙailula, jikokinta na wasa a bakin ƙofa. Kwanan dare shi ya zo ƙarshe, shi ma sai da surukarta ta riƙa taya ta.

An kuma koyi abin da ba ya aiki, da tsada aka koye shi. Bayan igiyar ruwan tsunami ta watan Disamba na 2004, baƙi masu ba da shawara sun yi wa Siri Lanka tsinke, da yawansu ba su jin yaren mutanen, ba su san yadda suke makoki ba, suna tara waɗanda suka tsira suna matsa musu su zayyana abin da suka gani. Wannan rikici na cikin abin da ya sa hukumomin agaji na duniya suka fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya a 2007. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina tilasta wa mutum amayar da labarin masifa a zama guda, domin ba ya hana ciwon, wani lokacin ma jinkirta warkewa yake yi. A kwanakin farko abin da ake so mai sauƙi ne: a duba wa ke cikin haɗari, a saurari wanda yake son magana, a bar wanda ba ya so, a haɗa mutum da danginsa da abinci da bargo. A 2013 kuma hukumar ta ja kunne kan ba da ƙwayoyin barci irin su diyazifam a watan farko bayan masifa. Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai, domin a nan wanda barci ya ƙaurace wa kemis yake fara nufa, kuma daga ƙwayar barci zuwa taramol ba tafiya ce mai nisa ba, musamman ga samari.

Idan aka auna abin da ake so a kwanakin farkon nan da abin da muke yi tun kaka da kakanni, sai a ga ba mu da abin jin kunya. Mutuwa ba ta samun Bahaushe shi kaɗai. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun ɗora tukunya, gidan mamaci ba ya hura wuta. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, masu yin arba'in su yi. Wanda ɗakinsa ya faɗi ko rumbunsa ya ƙone, a zo masa jaje, wani ya kawo dami, wani ya kawo azara, samari su yi gayyar kwaɓa ƙasa. Babu wata ƙungiyar agaji da za ta iya tsara abin da ya kai wannan sauri da inganci.

Giɓin yana daga baya. Duk wannan tsari domin mamaci aka gina shi da kuma dukiyar da ta salwanta, kuma yana da ranar ƙarewa. An naɗe tabarmi, baƙi sun koma, a daidai lokacin da ya kamata a fara gane wanda firgici ya ƙi saki. Shi kuwa wanda bai rasa kowa ba, gani kawai ya yi, kamar ɗan acaɓan nan, ba shi da gurbi a zaman makoki tun farko. Barka ake yi masa. Idan ya buɗe baki ya ce ba ya barci, amsar a shirye take: "Ka gode wa Allah, kai da ka tsira." Mutanen Majiya kuma an ɗora musu wani kaya a kan wannan, domin tun gawa ba ta huce ba wasu suka fara cewa kwaɗayi ne ya kai su. Uwar da ɗanta ya tafi da jarka bai dawo ba, wa za ta faɗa wa cewa ita ce ta ce masa ya yi sauri kada a kwashe?

Sai maganar haƙuri. Ina ganin babu kalmar da ta fi ta fita daga bakinmu a gidan rasuwa, kuma ba ni da ja a kan darajarta. Na ga mutanen da imani da ƙaddara ya riƙe su a tsaye a inda ni kaina ban san yadda zan yi ba. Amma sau da yawa "yi haƙuri" kan zama hanyar rufe bakin mai magana cikin ladabi. Mace ta fara ba da labarin daren da katanga ta faɗi, hawaye ya zubo, sai a ce, "Haba, ke ba Musulma ba ce? Kukan nan ba shi da amfani." Ta haɗiye. Daga ranar ta ƙara wa tsoronta wani tsoron, wai ko imaninta ne ya yi rauni. Alhali duk ɗan Islamiyya ya san Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, bai kuma fita daga sahun masu haƙuri ba. Ya san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki malaman tarihi suke kiran ta.

Akwai waɗanda suka ɗauki wannan suka gina magani a kai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washinton ta Amurka, Lori Zoellner, da abokan aikinta, sun zauna da Somaliyawa 'yan gudun hijira suka tsara zama shida da ake yi a masallaci, maza daban mata daban, kuma mutanen unguwa ne ke jagoranta bayan ɗan horo. A kowane zama ana ɗauko tarihin wani annabi da aka jarraba, kamar Ayyuba ko Yusufu, a tattauna shi, a ga yadda ya shafi tunanin "laifina ne" ko "Allah ya yi fushi da ni". Sannan kowa ya keɓe ya kai kukansa ga Ubangiji, ya bi abin da ya same shi daki-daki cikin addu'a. Ba a tilasta wa kowa faɗa wa jama'a sirrinsa. Wanda ya san aikin zai gane cewa fuskantar abin tsoron nan ce dai ta likitan Turkiyya, da gyaran gurguwar fahimta, aka zuba su a mazubin da Musulmi ya yarda da shi. Daga baya sun kai tsarin zuwa Somalilan, ya kuma karɓu.

A nan ne nake saɓa wa wasu abokan aikina da ke ganin daidaita magani da al'ada shi ne a buɗe taro da addu'a, a fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, shi ke nan. Nakan kuma saɓa wa masu cewa tunda muna da malamai ba ma buƙatar komai daga waje. Rubutun sha da tofi suna sanyaya zuciyar wanda ya yarda da su, ban taɓa hana kowa ba. Amma idan aka ce wa Inna aljani ne a ɗakin, kada ta kuskura ta shiga, to an ƙulle ta a tsakar gida har abada. Idan kuwa liman ya ce mata, "Hajiya, ki yi alwala ki shiga da bisimilla, ki yi raka'a biyu ki fito, gobe ki ƙara," ya yi aikin da ni zan yi wata guda ina lallashi ban samu ba. Bakin da ya faɗi maganar yana da nauyi daidai da maganar.

Haɗa asibiti da masu maganin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro, kusa da Abekuta. Ya sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, a zamanin da Turawa ke ganin hakan wauta ce. Shekaru da yawa bayansa Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar majinyata a gidajen masu magani da masu addu'a, ana aiki tare. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Wancan kan hauka tuburan ne, ba firgici ba, amma darasin ɗaya ne. Sai dai akwai iyaka. Gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019 sun nuna mana mutane a sarƙa, da tabon bulala. Duka da ɗauri da turara wa mai firgici hayaƙi a rufaffen ɗaki ba al'adar da za a lallaɓa ba ce. Wanda wuta ta firgita, a tsare shi a cikin hayaƙi, ciwonsa aka sabunta masa.

Sunan da za a kira ciwon ma yana iya kawo mutum ko ya kore shi. A Nefal, inda girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilu, 2015 ta kashe kusan mutum 9,000, masu aikin sun amfana da binciken Brandon Kohrt, wanda ya nuna mutanen can sun raba ciwon zuciya da ciwon ƙwaƙwalwa. Na farko kowa na iya faɗa ba kunya, na biyu kuwa tambarin hauka ne. Mu ma haka muke. Ka ce wa magidanci tunani ya yi masa yawa, ko ya razana, ko zuciyarsa ba ta kwanta ba, zai ce, "Wallahi haka ne, Malam." Ka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, ya ɗauki hularsa. Ba don kansa kaɗai yake gudu ba, yana da 'ya'ya mata da za a zo neman aurensu, kuma masu bincike kafin aure ba sa mantuwa.

To wa zai yi aikin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Jiran a turo ɗaya Sule Tankarkar ɓata lokaci ne. Zimbabuwe ta shiga irin wannan hali, sai wani likitansu, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna zama shida da mai damuwa suna taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida, kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin ke da sauran alamun ciwon damuwa mai tsanani, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. A shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar, mako-mako, kowane awa ɗaya da rabi, wanda wanda ba likita ba zai iya koya. An gwada shi a Feshawar ta Pakistan, cikin Musulmi masu kulle da kunya irin tamu, ya yi aiki. Abin da ke cikinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana koya wa mutum sassauta numfashi idan gaba ya faɗi, da rarrabe matsalar da zai iya taɓawa daga wadda ba ta hannunsa, da komawa ayyukan da ya watsar kaɗan-kaɗan, da sake shiga mutane.

Mu ma muna da kakannin, muna da waɗanda suka fi su. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa tana shiga ɗakin da ni ba zan taɓa leƙawa ba. Malamar Islamiyyar matan aure tana ganin ɗalibarta da ta daina zuwa. Mata masu gyaran zoɓo da riɗi a ɗakunan ajiya na Maigatari wuni suke yi a tabarma ɗaya, kuma a cikinsu kullum akwai wata babba da ake kai wa ƙorafi. A ɓangaren maza akwai sarkin tasha da shugaban 'yan acaɓa da mai gidan da fatake ke sauka. Ɗan acaɓan nan ma uban ƙungiyarsu ne ya fi ni amfani a kansa. Shi ya riƙa ɗaukarsa a bayan babur, su tsaya tsallaken titi suna kallon gidan mai, wata rana su matsa bakin shiga, har ranar da yaron ya riƙe murfin tanki da hannunsa ana zuba masa.

Sai dai kada a ɗauka abin da sauƙi. Babbar matsalar ita ce rufin asiri. A Harare mai damuwa na iya zama da tsohuwar da ba ta san danginsa ba. A ƙauyen Gagarawa wadda za ta saurare ki wataƙila yayar kishiyarki ce. Duk wanda za a ɗora wa wannan aiki, riƙon amana ne sharaɗi na farko kafin iya karatu, kuma mutanen gari sun san wa ke da shi, a tambaye su. Sannan matar aure sai da izinin miji, mai takaba kuma wata huɗu da kwana goma tana gida, a daidai lokacin da ta fi buƙatar mai saurare, don haka maganin ne zai je inda take. Tsarin Turawa na mutum biyu a rufaffen ɗaki ma ba ko'ina zai shiga ba. Sau da yawa sai an shigo da miji ko uwar miji, domin su ne za su ce "tashi ki gwada" ko su ce "ƙyale ta kawai". Kuma masu sa kai suna gajiya, labarin masifa yana taɓa mai jin sa. In babu ƙwararren da zai riƙa zama da su yana duba aikinsu, da ɗan abin sabulu a ƙarshen wata, shekara ɗaya ta yi yawa aikin ya watse.

Ban kuma yarda a yi wa mai jin yunwa wa'azin numfashi ba. Manomin da ruwa ya cinye masa gero ya rusa masa ɗaki, rabin rashin barcinsa lissafin bashi ne. Kwanon rufi da irin shuka da jarin da zai koma kasuwa suna cikin maganin. Akwai kuma waɗanda zance ba zai wadatar da su ba ko kaɗan: wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wanda ke jin muryoyi, wanda ya daina ci da sha, mai jegon da ta juya wa jaririnta baya. Waɗannan asibiti za a kai su a ranar, ko ana jin kunya ko ba a ji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin waɗannan majinyata haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Saura a ga ƙafarta a ƙananan asibitoci.

Mu na bakin iyaka muna da wani lissafi da babu shi a littafin kowa. Da yawa daga masu zuwa wurinmu mutanen tsallake ne, daga ƙauyukan Dungas da Magarya, kuma ranar Alhamis kaɗai muke ganin su, idan sun kawo raƙuma da shanu da awaki kasuwar Maigatari. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, damina ɗaya ke rusa mana ɗakuna. Zama biyar mako-mako a wurinsu yana nufin Alhamis biyar, kuma sai bayan La'asar, idan ciniki ya faɗa, dillali ya sallame su. Mutum ba zai bar raƙuminsa a kara ya zo ya koyi numfashi ba. Mun kuma ga yadda hanyar ke yankewa ba shiri: an rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris na 2024. Wanda ya yi zama biyu aka rufe, sauran ukun sun tafi. Shi ya sa idan mutumin tsallake ya zauna a gabana nakan ɗauka wannan ne zama na farko kuma na ƙarshe. Nakan kira wanda ya rako shi ya zauna tare da mu, mu tsara matakan su biyu suna ji, in sa ɗan rakiyar ya maimaita mini su da bakinsa, sannan in karɓi lambar waya, ta Najeriya da ta Nijar duka, don ban san wadda za ta shiga ba.